Ƙaramar Madatsa, Babbar Amana

Idan aka ambaci madatsar ruwa, hankalin mutane yakan tafi ga manya irin su Kainji da Tiga, waɗanda gwamnati ta gina da dukiya mai yawa, ta kuma ajiye musu injiniyoyi da masu gadi dare da rana. Amma akwai wata irin madatsa da ta fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, alhali ko ushurin kulawar da ake yi musu ba ta samu, wato ƙaramar madatsar ƙasa wadda wani attajiri, ko ƙungiya, ko makaranta, ko masu otal sukan tare rafi da ita domin su sami tafkin shaƙatawa, inda za a riƙa kamun kifi da yawo cikin kwalekwale da shan iska da la'asar. A Amurka, inda aka lissafa madatsu fiye da 90,000 a kundin gwamnati, galibinsu mallakar mutane ne, ba na hukuma ba, shaƙatawa kuwa ita ce kan gaba a cikin dalilan gina su. Labarin yadda mutanen ƙasar suka koyi sa ido a kan irin waɗannan madatsu ya cancanci a karanta shi da natsuwa, domin da rayuka suka sayi ilimin.

Asalin ƙissar yana jihar Pennsylvania, a wani kwari da ke mil 14 sama da garin Johnstown, inda gwamnatin jihar ta gama gina madatsar South Fork a 1853 domin ta riƙa shayar da hanyar jiragen ruwa. Da jirgin ƙasa ya kashe kasuwar wannan hanya sai madatsar ta shiga hannun wannan ta faɗa hannun wancan, har wani daga cikin masu ita ya cire bututun ƙarfen da ake rage ruwa da su ya sayar. A 1879 ta koma hannun wata ƙungiyar masu arzikin birnin Pittsburgh, wadda daga baya ta ƙunshi hamshaƙai irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon, waɗanda ba abin da suke nema a wurin illa hutu da kifi. Suka cike inda ta taɓa karyewa da ƙasa da duwatsu da rassan itace, ba su mayar da bututun ba. Suka rage tsayin kanta domin hanya ta yi faɗin da kekunan doki biyu za su gifta. Suka kuma kafa raga a bakin mafitar ruwa domin kada kifinsu ya tsere. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ƙarami ne a idon mai nishaɗi, amma da suka haɗu sai suka raba madatsar da duk hanyoyin da za ta kare kanta ranar da ruwa ya yi yawa.

Ba kuwa a rasa mai nasiha ba, gama a 1880 Daniel Morrell, shugaban masana'antar ƙarfe ta Johnstown, ya aika injiniyansa John Fulton ya duba, ya dawo da rahoto cewa gyaran na jeka-na-yi-ka ne, kuma rashin bututun babban aibi ne. Sai dai shugaban ƙungiyar ya yi watsi da maganar, babu kuma wata doka ko hukuma da za ta tilasta masa. Ranar 31 ga Mayu, 1889, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, tarkace ya toshe ragar, tafkin ya cika ya batse, ruwa ya hau kan madatsar mai tsayin ƙafa 72 ya fara cinta, da misalin ƙarfe uku na yamma ta ɓarke. Cikin kusan awa guda ambaliya ta isa Johnstown, ta hallaka mutum 2,209, cikinsu har da yara 396 da gidaje 99 da ba wanda ya saura a cikinsu. Waɗanda suka tsira sun kai ƙara, amma ba su ci nasara a kan ƙungiyar ba, domin lauyoyinta sun jingina al'amarin ga ƙaddara.

A nan ne mai ilimin fiƙihu zai tsaya ya yi tunani, domin malamanmu sun daɗe da tattauna mas'alar katangar da ta karkata kan hanya, suka ce idan aka yi wa mai ita gargaɗi a gaban shaidu, ya sami damar rushe ta ya ƙi, sannan ta faɗa kan wani, to lamunin abin da ta halaka yana wuyansa. Imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar sakaci ba. Haƙiƙanin al'amarin tafkin shaƙatawa shi ne, daɗinsa na mutanen da ke sama ne, haɗarinsa kuwa na mutanen da ke ƙasa, waɗanda ba a shawarce su ba ranar gini, ba kuma su da ikon shiga su duba. Duk inda kuwa mai cin moriya ya zama daban da mai ɗaukar cuta, adalci yana wajabta a sami na uku wanda ba shi da rabo a ciki, ya tsaya a tsakani.

Samun wannan na ukun ya ɗauki zamani mai tsawo. Pennsylvania ba ta kafa dokar duba madatsu ba sai a 1913, bayan wata madatsar ta karye a garin Austin a 1911. Majalisar tarayyar Amurka ta zartar da dokar binciken madatsu a 1972, amma ta zauna a takarda saboda rashin kuɗi, har zuwa daren 6 ga Nuwamba, 1977, lokacin da madatsar Kelly Barnes ta jihar Jojiya, wadda tsayinta bai wuce kimanin ƙafa 40 ba, wadda kuma aka daina samar da lantarki da ita aka bar tafkinta don shaƙatawa, itatuwa suka tsiro a jikinta, ta karye cikin dare a kan wata kwalejin koyon addinin Kirista da ke Toccoa Falls, mutum 39 suka rasu, yara da yawa a cikinsu. Shugaba Jimmy Carter, wanda ɗan jihar ne, ya umarci injiniyoyin soja su bi madatsun da ba na tarayya ba. Suka duba kusan 9,000 cikin shekara huɗu, suka tarar kimanin sulusinsu ba su da aminci.

Babbar fa'idar da aka tsinta daga waɗannan musibu ita ce a daina auna madatsa da girmanta kaɗai, a auna ta da abin da ke ƙarƙashinta. Don haka ake kasa madatsu kashi uku: wadda in ta karye ana tsammanin asarar rai, da wadda za ta jawo asarar dukiya da hanyoyi, da wadda ɓarnarta ba za ta wuce filin mai ita ba. Wannan daraja kuwa tana sauyawa, domin madatsar da aka gina a daji, bayan shekara talatin sai ka ga gari ya bunƙasa an yi unguwa a ƙasanta, alhali ita tana nan yadda take, sai ma tsufa da ta ƙara.

Shi kuwa mai duba, aikinsa na ƙafa ne da ido. Madatsar ƙasa hanya biyu ta fi mutuwa: ko ruwa ya haura kanta ya zaizaye ta, ko ya huda ta ciki yana jan ƙasa kaɗan-kaɗan har ya buɗe wa kansa rami. Saboda haka yakan bi bayanta yana neman inda ya jiƙe ko inda ciyawa ta fi kore. In ya ga ruwa yana tsatsafowa garau sai ya auna ya rubuta, in kuwa ya ga ya gurɓace da laka, ya san cikin madatsar ne ke fita, al'amari ya zama na gaggawa. Yakan duba tsaga da lotsawa a kanta, da ramukan dabbobi, da saiwar itace wadda in ta ruɓe takan bar wa ruwa hanya. Ya tabbatar mafitar ruwa a buɗe take, famfon rage ruwa kuma bai yi tsatsa ya kafe ba. Daga nan sai ya nemi rubutaccen shirin ko-ta-kwana, wanda ya bayyana wa za a kira, da gidajen da za a fara tasa, da tudun da za a nufa. Amfanin wannan shiri ya bayyana a watan Mayu na 2020, sa'ad da madatsar Edenville ta jihar Michigan ta karye, bayan shekaru ana jayayya da mai ita kan ƙarancin mafitar ruwa: an kwashe mutum wajen 10,000 tun da wuri, an yi asarar dukiya mai yawa, amma ba a rasa rai ba.

Mu ma ba baƙin wannan darasi ba ne, domin madatsar Bagauda ta jihar Kano, wadda aka gina otal na shaƙatawa a gefen tafkinta, ta karye a damanar 1988, ta Alau kuma ta malale Maiduguri a watan Satumba na 2024. Abin da ya kamaci hukumomin ruwa na jihohinmu shi ne su rubuta kowace madatsa, komai ƙanƙantarta, da sunan wanda alhakinta ke kansa. Su aika mai duba kafin kowace damana. Su ba shi ikon umartar a rage ruwa ko mai tafkin bai so ba. Su kuma sanar da dagatai da masu unguwannin da ke ƙasa abin da aka gani, gama su ne masu haƙƙin sani kafin kowa.