An Yi Wa 'Ya Rigakafi, Uwa Fa? Nazari Kan Yunƙurin Yaƙi da Sankarar Bakin Mahaifa

Duk mai sauraron shirye-shiryen fatawa a gidajen rediyon Arewa ya san irin wannan tambaya. Mace ce za ta aiko: "Malam, shekarata uku da daina al'ada, sai ga jini ya dawo. In ci gaba da salla ko in dakata?" Wata kuma ta ce duk sanda ta sadu da maigidanta sai ta ga jini. Malam zai rarrabe mata jinin haila da jinin ciwo, ya faɗi hukuncin kowanne, a wuce tambaya ta gaba. Amsar daidai take a fiƙihu. Sai dai a wajen likitan mata, waɗannan abubuwa biyu suna cikin manyan alamomin sankarar bakin mahaifa, kuma baiwar Allahn da ta aiko tana bukatar a ƙara mata magana ɗaya: ki tafi asibiti a duba ki, kada ki jinkirta.

A da, da wuya a ji an kama sunan wannan ciwo a bainar jama'a. Sai dai a ce wance tana fama da "ciwon mata", ko "sanyi ya yi mata yawa", har ranar da za a kai ta makwancinta. Yanzu lamarin ya soma sauyawa. Ana tattaki, ana shirye-shirye a rediyo, matan gwamnoni na kafa gidauniyoyi, ma'aikatan lafiya na shiga makarantu da akwatin allura. Me ya kawo wannan farkawa, me ta haifar, kuma su wa ta bari a baya?

Abin da ya tada ganga

Dalili na farko girman asarar ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2022 kimanin mata 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, wasu 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A Najeriya, alƙaluman 2020 sun nuna mata wajen 12,000 sun kamu, kusan 8,000 sun rasu. Wato kullum rana ta fito ta faɗi, an rasa mata sama da 20, yawancinsu iyaye masu ɗawainiyar gida. Bayan sankarar mama, babu ciwon dajin da ke kama matan ƙasar nan kamar wannan.

Na biyu, an gano tushen ciwon. Wani masanin Jamus, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar da alaƙarsa da ƙwayar cutar HPV, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana yaɗuwa ta hanyar saduwa, kuma ta zama ruwan dare, kusan duk wanda ya san aure zai haɗu da ita wata rana. Galibi jiki kan kashe ta da kansa. In ta zauna daram a bakin mahaifa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara, ko ƙasa da haka ga mai raunin garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da ƙwayar HIV haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Nau'i biyu na ƙwayar, 16 da 18, su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ciwon, kuma tun 2006 akwai allurar da ke tare su.

Na uku, duniya ta ɗaura aniya. Ranar 17 ga Nuwamba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da ciwon, ta kafa shi a kan murhu mai duwatsu uku da ake son cikawa kafin 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. A 2022 hukumar ta amince allura ɗaya ta wadatar, abin da ya rage kuɗi da wahalar bibiyar yarinya karo na biyu.

Na huɗu, an samu masu faɗa a ji da suka cire kunya suka yi magana. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan Kebbi, ta shafe shekaru tana wannan fafutuka ta gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC. Idan mace 'yar Arewa ta tsaya gaban sarakuna da malamai ta ambaci mahaifa da sunanta, sauran mata ma bakinsu kan buɗe.

Ribar da aka samu

Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin da ake yi kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. An fara da jihohi 15 da Abuja, ciki har da Kano, Jigawa, Bauchi da Kebbi, da nufin kaiwa ga yara miliyan 7 da dubu 700. Sauran jihohi 21 suka biyo baya a watan Mayun 2024. Kafin shekarar ta ƙare, an yi wa 'yan mata sama da miliyan 12.

Wanda ya san tarihin allura a Arewa zai gane nauyin wannan nasara. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya rura wutar ƙin allurar shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Wannan karon ma jita-jita ta zaga wayoyi cewa allurar hana haihuwa ce, tunda mata kaɗai ake yi wa. Abin da ya taimaka shi ne hanyar da yaƙin shan inna ya riga ya share: sarakuna, masu unguwanni, limamai da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN sun saba shiga tsakanin jama'a da ma'aikatan lafiya.

Hujja kuma tana nan ga mai neman ta. Ruwanda ta fara wannan allura tun 2011, Ostireliya tun 2007, kuma waɗanda aka yi wa tun suna yara yanzu suna haihuwa lafiya. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna a Ingila ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar suna shekara 12 zuwa 13.

Waɗanda aka bari a baya

Sai dai tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Allurar nan garkuwa ce ga yarinyar da ƙwayar ba ta riga ta shige ta ba, kuma amfaninta ba zai bayyana a ƙididdiga ba sai nan da shekara 20 ko fiye. Uwar da ta riƙo hannun 'yarta ta kawo ta wurin allura, ita ce ke cikin shekarun haɗari a yau, kuma ita gwaji take bukata.

Gwajin ba shi da wuya. Ma'aikaciyar jinya ko unguwarzoma da aka horar za ta iya shafa ruwan khal a bakin mahaifa, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙone shi nan take da wata 'yar na'ura mai zafi cikin mintoci. Akwai kuma gwajin ƙwayar HPV, wanda mace za ta iya ɗaukar samfurin da kanta ba tare da kowa ya ga tsiraicinta ba. Duk da haka, matan da aka taɓa gwadawa a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, domin akasarin ƙananan asibitocin karkara ba sa yin sa. Gwajin kyauta yakan zo ne da biki, a watan Janairu ko ranar 4 ga Fabrairu ta yaƙi da ciwon daji a duniya, a kafa rumfa kwana biyu a naɗe. Matar da ta ji sanarwa bayan mako guda ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Wayar da kai irin wannan tsoro kawai yake dasawa.

Ga kuma dalilan jinkiri da ke cikin gida. Akwai kunya, musamman in likitan namiji ne. Akwai jiran izinin maigida da kuɗin mota. Akwai tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wadda ke sa a shafe watanni ana jiƙe-jiƙe da turare. Idan aka isa asibiti ciwo ya ci jiki, mara lafiya ta rasu, sai a ce ai allura ce ta tunzura shi, maganar ta ƙara samun gindin zama. Mafi muni shi ne zargi. Da aka fara bayyana cewa ta saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai wasu suka mai da ciwon shaidar lalata. Wannan zalunci ne. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, kuma aure da ƙuruciya da yawan haihuwa suna ƙara haɗarin.

Wadda ciwonta ya yi nisa tana bukatar tiyata, ko gashi da na'ura haɗe da ƙarin ruwan magani, na tsawon makonni. Cibiyoyin gashi a Arewa ana ƙirga su da yatsu, irin su na Shika a Zariya, Sakkwato da Abuja, kuma in na'ura ta lalace sai layi ya taru. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza, amma bai kai ga mafi yawan mabukata ba. Da yawa sukan sayar da gona ko dabbobi, kuɗi su ƙare magani bai ƙare ba.

Ita kuwa wadda Allah ya tashi kafaɗunta, kusan ba a maganarta. Ta dawo gida wataƙila an cire mahaifa, al'ada ta ɗauke tun lokaci bai yi ba, saduwa ta zama azaba saboda tabon gashi, ga zuwa asibiti duk bayan 'yan watanni. A inda ake auna darajar mace da haihuwa, wannan kan kai ga wulakanci ko saki. Alhali ita ce babbar hujjar da muke da ita. Mace ɗaya da za ta miƙe a gidan suna ta ce "an yi mini aiki, an yi mini gashi, ga ni a raye shekara biyar," ta fi allon talla ɗari ƙaryata maganar daji da ƙarfe.

Kada kuma a manta ciwon dajin mata bai tsaya a bakin mahaifa ba. Sankarar gidan ƙwai, wadda ta yi ajalin Hajiya Maryam Babangida a Disambar 2009, ba ta da allura, ba ta da gwajin da ake yi wa kowa. Alamunta kumburin ciki ne da saurin ƙoshi da ciwon mara da ba ya tafiya. Ta cikin mahaifa kuma jini bayan daina al'ada ne babbar alamarta. Ga waɗannan, makamin kawai shi ne gaggawar zuwa asibiti.

Inda ya kamata a karkata

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Mata suna zuwa awon ciki, suna kawo jarirai rigakafi, suna zuwa ɗakin tazarar haihuwa. A horar da ma'aikatan waɗannan ɗakuna, mata 'yan uwansu, a ba su kayan gwaji da na'urar ƙonawa, ya zama aikin kullum. Ranar da za a yi wa 'ya allura, a tambayi uwa ko an taɓa gwada ta. A bi 'yan matan da ba sa makarantar boko har Islamiyya da gida, domin kowace shekara sabbin yara ke cika shekara 9. Hukumomin zakka da waƙafi da masu hannu da shuni su ɗauki kuɗin mota da masauki kusa da cibiyoyin gashi, tunda sau da yawa a nan magani ke yankewa. A taimaka wa waɗanda suka warke su haɗa kansu, su riƙa raka sabbin marasa lafiya. Maza kuma a yi musu magana a masallaci da majalisa, domin izini da kuɗin mota a hannunsu suke, jinya ma amana ce a wuyansu.

Sannan a koma wajen malam da makirufonsa. Shi ne mutum na farko da mata da yawa ke gaya wa sirrin da suka ɓoye wa kowa. Idan likitoci suka zauna da masu fatawa da malaman Islamiyya mata, suka koya musu alamomi huɗu, wato jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada biyu, jini bayan daina al'ada, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, to duk amsar da aka bayar kan jinin ciwo za ta zo da rakiyar shawara. Mun kare 'ya'ya mata sama da miliyan 12, alhamdulillahi. Hakkinsu ne a kanmu su girma iyayensu na raye.