Dalilan Da Suka Sa Ya Wajaba Shafin Intanet Na Ɗan Kasuwa Ya Dace Da Wayar Hannu

Abuja – Duk ɗan kasuwar da ya kashe kuɗi aka gina masa shafin intanet, amma shafin ba ya buɗewa yadda ya kamata a wayar hannu, yana fuskantar haɗarin rasa akasarin masu sayen da aka yi shafin dominsu. Dalili kuwa shi ne, a Najeriya ta wayar hannu mafi yawan jama'a ke shiga intanet, kuma da dama daga cikinsu ba su taɓa mallakar kwamfuta ba.

Idan za a iya tunawa, kafin shekarar 2001 layukan tarho na kamfanin NITEL da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su wuce rabin miliyan ba. A watan Janairu na waccan shekarar ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Globacom ya biyo baya a 2003. Ya zuwa ƙarshen 2023 alkaluman hukumar sun nuna cewa layukan da ke aiki sun haura miliyan 220. Bayan rufe layukan da ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, adadin ya sauka zuwa kimanin miliyan 165 a ƙarshen 2024. Duk da wannan ragi, babu wata hanyar isa ga mai saye a ƙasar nan da ta kama ƙafar waya.

Kuɗi ma sun koma waya

Ba kallon kaya kaɗai ya koma waya ba, har da biyan kuɗinsu. Sauya fasalin takardun naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a watannin farko na 2023, abin da ya tilasta wa 'yan kasuwa, tun daga manyan dillalan Kantin Kwari da Alaba har zuwa masu sayar da tumatir a Mile 12, su riƙa karɓar kuɗi ta hanyar tura su a waya. Alkaluman kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna cewa kuɗin da aka tura nan take sun tashi daga kimanin naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023, sannan suka haura tiriliyan dubu a 2024.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Mutumin da ke duba farashin buhun shinkafa ko turmin atamfa a wayarsa, asusun bankinsa na cikin wannan wayar. Tsakanin ganin kaya da biyan kuɗi babu ko minti biyu, muddin shafin bai kawo masa cikas ba.

Matsayin kamfanin Google

Akwai kuma batun yadda mai saye zai gano shafin tun da farko. A watan Afrilun 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon binciken da ake yi ta waya. A ƙarshen 2016 ya bayyana aniyarsa ta auna kowane shafi bisa yadda yake fitowa a waya maimakon yadda yake fitowa a kwamfuta, kuma a 2023 ya sanar da kammala wannan sauyi.

Saboda haka shafin da ya yi kyau a kwamfutar ofis amma ya hargitse a waya, hargitsattsen ne Google ke dubawa. Idan mai neman babura a Anacha ko mai neman takalman fata a Ibadan ya rubuta abin da yake so, shafin abokin gasa na iya fitowa a sama, na wancan kuwa ya faɗa can ƙasa inda ba kowa ke leƙawa ba. Masu iya magana sun ce da rashin tayi akan bar arha. Kayan da ba a gani ba kuwa ko tayin ba za a yi musu ba.

Mene ne dacewa da waya?

Abu na farko shi ne tsari. Shafin da aka gina shi don faffaɗan allon kwamfuta, idan aka buɗe shi a waya rubutunsa kan ƙanƙance har sai an ja shi da yatsu biyu kafin a karanta, hotuna su fita daga gefe, farashi ya ɓace. Tun daga 2010 masu gina shafuka suka rungumi wani salo wanda shafi ɗaya ke auna faɗin allon da aka buɗe shi a kai ya daidaita kansa. Wannan salo ne ya kamata ɗan kasuwa ya nema, domin ya huta da ɗawainiyar kula da shafuka biyu.

Na biyu shi ne sauri. Wani bincike da Google ya wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu ziyartar shafi ta waya kan fice idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A ma'aunin da kamfanin ke amfani da shi, ana son babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Wannan batu ya fi tsanani a Najeriya. Ko da yake an fara aiki da fasahar 5G a 2022, alkaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna cewa layukan da ke kanta ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, yayin da kimanin kashi 40 suke kan tsohuwar hanyar 2G. Haka zalika, wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a irin su Tecno da itel da Infinix ne, kuma masu arha daga cikinsu ba sa jure shafi mai nauyi.

Na uku shi ne kuɗin data. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mai saye ne ke biyan kuɗin buɗe shafin, ba mai shafin ba. Wanda ya sayi gigabayit ɗaya zai iya buɗe shafi mai nauyin megabayit 5 kamar sau 200, amma mai nauyin megabayit 1 zai buɗe shi kamar sau dubu. Galibi manyan hotunan da aka ɗora ba tare da an rage nauyinsu ba, da bidiyon da ke kunna kansa, su ke cinye datar.

Na huɗu shi ne sauƙin aiki da yatsa. Maɓallan da suka yi ƙanana ko suka matse da juna kan sa a danna abin da ba a yi niyya ba. Fom mai tambayoyi goma sha biyar kafin a sayi kaya ɗaya kan gajiyar da mutum. Lambar tarhon kamfani ya kamata ta kasance wadda da zarar an taɓa ta sai kira ya tafi, adireshi kuma ya buɗe taswira. A wajen biya, a ba mai saye zaɓi tsakanin kati da tura kuɗi ta banki da lambobin USSD, waɗanda kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave ke haɗawa a shafi guda.

Ga masu rubuta shafinsu da Hausa akwai ƙarin abin lura. Wasu nau'o'in haruffa ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, don haka sukan fito a waya a matsayin akwatuna ko alamar tambaya. Tallar da ta ce kaya suna da ƙarko amma harafin farko ya ɓace, ba ta ƙara wa kamfani mutunci.

Lissafin asarar

Ana iya auna girman matsalar da misali. A ɗauka mai sayar da kayan ɗaki ya biya naira 50,000 na talla, tallar ta jawo mutum 1,000 zuwa shafinsa, kuma biyu daga cikin kowane ɗari da suka ga kayan sukan saya. Idan rabin mutanen suka fice kafin shafin ya buɗe, 500 ne suka ga kayan, goma suka saya, wato ya kashe naira 5,000 a kan kowane mai saye. Idan aka gyara shafin har mutum 800 suka tsaya, masu saye sun zama 16, kuɗin kowane ɗaya ya sauka zuwa naira 3,125, alhali bai ƙara ko kwabo a kuɗin talla ba. Abin da ke sa wannan asara ta daɗe ba a gano ta ba shi ne, wanda ya fice ba ya kawo ƙorafi, kuma ba ya shiga littafin ciniki.

Shin WhatsApp da Instagram ba su wadatar ba?

Wasu 'yan kasuwa na ganin tunda suna ciniki ta WhatsApp da Facebook da Instagram, babu buƙatar shafi. Ko shakka babu waɗannan kafofi suna da amfani, kuma ga ƙaramin mai sana'a suna iya isa a farkon tafiya. Sai dai mai su ne ke da iko da su. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na tsawon kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Wanda duk cinikinsa ya rataya a kansu tamkar mai zaman haya ne. Bugu da ƙari, wanda ya danna talla a waɗannan kafofi daga waya yake dannawa, don haka duk shafin da tallar ta kai shi, a waya zai buɗe.

Abin da ya kamata a yi

Gwaji na farko bai buƙatar kuɗi. Mai kamfani ya ɗauki wayar ɗaya daga cikin yaransa na shago, ya kashe wayafai ɗin ofis, ya yi ƙoƙarin sayen kaya a shafinsa tun daga farko har biya. Duk inda ya tsaya cak, nan masu saye ke tsayawa. Bayan haka ya sanya adireshin shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin Google na kyauta, wanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100 tare da lissafa abubuwan da ke jawo jinkiri.

Wajen ƙulla yarjejeniya da mai gina shafi, a rubuta cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gwada aikin a ƙaramar waya. A tabbatar sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi ko waninsa, an yi rajistarsa da sunan kamfanin, ba da sunan wanda ya gina ba. A kuma tabbatar adireshin yana farawa da https, domin tun 2018 manhajar Chrome ke yi wa masu ziyara gargaɗin cewa shafin da ba shi da wannan ba amintacce ba ne. Wanda ke karɓar sunaye da lambobin masu saye ya sani cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su.

Sau da yawa gyaran bai kai ga rushe shafin a sake sabo ba. Rage nauyin hotuna, cire bidiyo mai kunna kansa, ƙara girman rubutu da taƙaita fom ɗin oda kan magance mafi yawan matsalar, kuma kuɗin yin hakan bai kai abin da kamfanoni da yawa ke kashewa a talla cikin wata guda ba.