Gyaran Injunan Gidan Abinci: A Koya a Kurmi, a Ci Moriya a Jimeta

DUK wanda ya taɓa yin bazara a Jimeta ya san irin zafin garin. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci, in firizar mai gidan abinci ta tsaya da safe, kafin dare nama da kifin Binuwai da ke ciki sun fara sauya wari. In kuwa injin kwaɓa fulawa ne ya lalace a gidan burodi, to ran nan babu gashi, sai masu shayin unguwar Ajiya da Limawa su koma hannu Rabbana. Mutumin da ake nema ruwa a jallo ran nan shi ne mai gyara.

Wannan magana ta shafi samarin Arewa mazauna Kurmi ƙwarai da gaske. Tun ran 1 ga Yuni, 2022 da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, mutane da yawa suka wayi gari babu abin yi. Alhali kuwa a Ikko ɗin nan manyan otal-otal da gidajen burodi suke, ga kasuwar Alaba inda ake sayar da irin waɗannan injuna. Watau makarantar tana bakin ƙofa.

Sana'ar tana da rassa uku. Na farko shi ne lantarki. Wutar gida layi ɗaya ce mai bolt 230, amma babban injin kwaɓi da babbar tandar burodi sau da yawa wuta mai layi uku suke sha, wajen bolt 400. Wanda ya juya wayoyin, sai injin ya riƙa juyawa da baya. Na biyu shi ne sanyi: kwampreso, da waldar bututun jan ƙarfe, da ɗura gas. Na uku shi ne murhun gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaya, ƙasa yake kwantawa yana jiran ashana. Gwani da ruwan sabulu yake neman inda ya huje, kuma da ganin harshen wuta ya yi rawaya maimakon shuɗi, ya san iska ba ta isar murhun.

Hanyar koyo ta farko ita ce wadda aka gada, watau zama gaban ubangida a shago. Amma a duba ubangidan da kyau, gama zamani ya sauya. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina yin firji da tsohon gas ɗin nan R12, da yawa daga firizojin yanzu kuwa R600a ko R290 ke cikinsu, kuma dukansu biyu suna kama wuta. Wanda ya sa wutar walda a bututun da ba a zuƙe gas ɗinsa ba, da ransa yake wasa.

Hanya ta biyu ta hukuma ce. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, watau NDE, wadda aka kafa a 1986, takan haɗa matasa da gwanayen sana'a su koya. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos. Mai takardar sakandare yana iya neman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa da ke Yola.

Ko ta wace hanya aka bi, kada a raina takardar shaida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a, ana farawa daga mataki na uku, sannan na biyu, har na ɗaya. Manajan otal ba ya sakin injin miliyoyin naira ga wanda ba shi da shaida sai bakinsa.

Tun da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, kana na Adamawa a 1991, masauki da gidajen abinci sai ƙaruwa suke yi, kowane injin da aka kafa kuwa wata rana zai nemi gyara. Babur ana iya kama shi a titi, a kai shi inda mai shi ba zai sake ganinsa ba. Abin da hannu ya iya kuwa, da shi ake hawa mota a koma gida. Allah Ya sa a dace.