Ranar Litinin Ake Goge Bukukuwa

A bayan wani shagon ɗaukar bidiyo a cikin Kano akwai ɗan ɗakin da ba a cika shigar da baƙo ba. Fanka ɗaya ce, tagar kuma an toshe ta da kwali saboda ƙurar hunturu. Bangon hagu kanta ce tun daga ƙasa har rufi, maƙare da ƙananan kaset na MiniDV, kowanne da rubutun biro a ƙeyarsa: ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani, naɗin wani dagaci. Rubutun ya tsaya a 2011. Daga nan zuwa yau, duk abin da shagon ya ɗauka yana kwance a aljihun tebur guda, cikin wasu baƙaƙen akwatina da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda yaran shagon ke kira had-disk.

Litinin ce ranar tashin hankali a ɗakin. Masu ɗauka sun dawo daga bukukuwan Juma'a, Asabar da Lahadi, kowa ya zazzage aljihunsa a gaban Oga, mai shagon: katunan memori ne, kowanne kamar kan sarki. Kati mai gigabait 32 yakan haɗiye wajen awa uku na hoto mai kyau. Katunan ba su da yawa, da yamma kuma akwai wani aikin, don haka dole a juye su cikin kwamfuta a yi musu fomatin. Da zarar yaro ya danna, asalin bikin ya tafi. Abin da ya rage a duniya kwafi ne.

Da ba haka abin yake ba. Kaset yana cin awa ɗaya, in ya cika sai a ɓare sabo, don ba shi da tsada, kuma wanda aka maimaita yakan kawo tsalle-tsalle a hoto. An gama tacewa, a rubuta suna a jefa a kanta. Ba wanda ya taɓa zama ya ce bari mu yi ajiya. Ajiyar ce ta yi kanta. Sai Panasonic ya fito da katin P2 a 2004, bayan shekara biyu shi da Sony suka haɗu suka kawo tsarin AVCHD, kyamarori marasa kaset suka cika kasuwa. Masu tace hoto suka yi murna, kuma da gaskiyarsu: a da sai ka zauna awa guda cur kafin kaset ɗaya ya shiga kwamfuta, yanzu kafin shayi ya huce an gama. Abin da ba a lura da shi ba, kantar ma ta tafi tare da kaset ɗin.

Oga ya gano haka ne ranar da wata mata ta shigo neman bikinta na 2016. Faifan da aka ba ta ya goge, yana ta maƙalewa. Ba rawa take nema ba, ba kuma shigar amarya ba. Mahaifinta ya rasu, kuma a wajen bikin ya yi mata nasiha da addu'a na 'yan mintuna. Aka jona had-disk, aka buɗe foldar shekarar, aka danna fayil na farko. Sai ga amaryar wasu.

Ga yadda aka yi. Irin waɗannan kyamarori suna raɗa wa hoton farko suna 00000.MTS, na biyu 00001.MTS, haka har kati ya cika. In an yi fomatin, lissafi ya koma sifili. Yaron da ke juyewa a lokacin, don ya rage wa kansa aiki, yakan kutsa can cikin foldar STREAM ya kwashi manyan fayilolin kawai ya zuba su wuri ɗaya. Kwamfuta ta tambaye shi ko ta ɗora sabo a kan tsoho, ya ce e. Biki ya danne biki, ba ƙara, ba hayaƙi. Ƙananan fayilolin da ya raina ya bari kuwa, su ne ke gaya wa manhajar tacewa yadda za ta ɗinke doguwar ɗauka, domin kyamara kan yanyanka ta gunduwa-gunduwa saboda kada fayil ɗaya ya wuce gigabait 4.

"Hajiya, ki yi haƙuri." Oga ya ce bai taɓa jin nauyin wannan kalma kamar ranar ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta, ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta fita.

Tun daga nan dokar ɗakin ta canja. Kati ana juye shi ne ɗungurungum, ba tsince-tsince. Kowanne da foldarsa, sunan ya fara da shekara, wata da rana. Kwafi biyu ake yi, a had-disk biyu, ɗaya ya kwana a shago, ɗaya Oga ya tafi da shi gida, inda uwargida ta ware masa gurbi a cikin durowarta. Ba a yin fomatin sai an gwada nauyin kwafin da na katin, an kuma buɗe farko, tsakiya da ƙarshe an gani da ido. Akwai kuma wani babban littafi mai baƙin bango, irin na 'yan kasuwa, inda ake rubuta wane biki ke cikin wane akwati. In azumi ya kama, bukukuwa suka yi sauƙi, sai a fito da akwatinan ɗaya bayan ɗaya a jona. Oga kan kara kunnensa kamar mai duba mara lafiya. Wanda ya yi ƙas-ƙas, a ranar za a kwashe kayansa.

Ina kallonsa sai na tuna labarin Jos. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirin Doctor Who na BBC, waɗanda su kansu masu shi suka daɗe da rasawa, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a can. Gwangwanayen fim ne, sun shekara da shekaru a kanta ba mai waiwayarsu, rashin kulawar ma ita ta tsare su. A ganina bambancin ke nan. Fim da kaset suna jure a manta da su. Had-disk kuwa kamar akuya yake, in ba a leƙa shi wata rana gawa za a tarar.

Ba wai kaset ɗin waliyyi ba ne. Wasu a kantar sun fara fumfuna, kyamarar da ke iya kunna su saura ɗaya a shagon, wayarta kuma ta FireWire ce, wadda sababbin kwamfutoci ba su da ramin sa ta. Abin dariya, manyan gidajen talabijin da kamfanonin fim, bayan sun yi sallama da kaset a kyamara, sun koma masa a ɗakin ajiya: kaset na LTO-9 guda yana ɗaukar terabait 18, masu ƙera shi kuma suna cewa zai kai shekara 30. Amma kuɗin na'urar da ke karanta shi ba na mai shagon unguwa ba ne. Ɗorawa a intanet kuma ga kuɗin data, ga haya da dala duk wata.

A nan gizo ke saƙar. Mai biki yana biyan ɗauka da tacewa, ya karɓi filashinsa ya tafi. Ba wanda ya taɓa biyan ko sisi don a riƙe masa hoton shekara goma, amma ranar da ya dawo nema, gani yake haƙƙinsa ne. Duk had-disk ɗin da ke aljihun nan daga ribar Oga aka saye shi.

Wajen la'asar wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa, kyamara a kafaɗa.

"Oga, katin. Sun ce ƙarfe biyar za a fara."

"Saura na biyun."

"Ai na farkon ya shiga lafiya."

Oga bai ɗago ba. Ya jawo baƙin littafin, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin wannan watan. A kan allon kwamfuta koren layin yana ta rarrafe, ya wuce rabi da kaɗan.