Bayan Asibiti, Tabarma Ba Magani Ba Ce

Idan dattijo ya dawo Gwarzo ko Kabo daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan jinyar sankarar furosteti, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, iyalinsa sukan tarbe shi da magana guda: "Baba, a huta." A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a hana shi gona, a jingine kekensa. Ƙauna ce ta kawo haka, amma tana iya ƙara masa rauni.

Dalilin yana cikin maganin kansa. Wannan ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma da yawa ba sa isa wurin likita sai ta yi nisa. A wannan mataki, akan rage sinadarin mazakuta da ke ciyar da cutar, ko dai da allura ko kuma ta hanyar cire 'ya'yan maraina. Cutar takan lafa, amma jiki ne ke biyan kuɗin: tsoka ta zube, ƙashi ya yi laushi, tumbi ya fito, kasala ta sauka. Zama wuri ɗaya yana hanzarta duk waɗannan.

A birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, masu bincike irin su Jacob Uth da Peter Krustrup sun gwada wani abu da mutane da dama suka ɗauka ganganci ne. Sun sa maza masu shan wannan magani buga ƙwallon ƙafa. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa cikin mako 12 tsokarsu ta ƙaru, ƙarfinsu ma haka. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa maza 214 a ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni, sau biyu a mako. A nan ba komai ne ya canza ba, amma waɗanda suka riƙe zuwa fili sun samu kwanciyar hankali, ƙashin ƙugunsu kuma ya fi ƙwari.

Akwai haɗari. A gwajin farko an samu waɗanda suka karye, don haka wanda cutar ta taɓa masa ƙashi sai da izinin likita.

Tambayar ita ce wane dattijo ne a Garo ko Getso zai sa gajeren wando ya bi ƙwallo a gaban surukansa? Ba lallai ne sai haka ba. A Ingila, ƙungiyar Chesterfield ta fito da ƙwallon tafiya a 2011 domin masu shekara 50 zuwa sama, wadda aka haramta gudu a cikinta. Filin makarantar firamare da yamma ya isa a buga ta. Haka ma tattaki bayan sallar Asuba, ko hawa keke zuwa kasuwa tare da abokan majalisa.

Amfanin tafiya a ƙungiya ya wuce na tsoka. Yoyon fitsari da raunin kusantar iyali abubuwa ne da namiji ba ya faɗa wa ko ɗansa, amma yakan faɗa wa wanda ya san irinsu a jikinsa. Ma'aikatan Babban Asibitin Gwarzo da cibiyoyin lafiya na Kabo su ne suka fi kusa da waɗannan dattawa, kuma su ne za su iya haɗa mutum biyar ko shida su fara.