Gadon jariri na gwanjo: a auna kafin a biya

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Ƙonni zuwa Jibiya, mai neman gadon jariri da araha yakan nufi masu gwanjo. Sai dai muna jan hankalin 'yan kasuwa da magidanta cewa cikin gadajen da ke zuwa daga ƙetare akwai waɗanda aka hana sayarwa a can. A shekarar 2011 Amurka ta haramta gadon da ake zuge gefensa ƙasa, domin maƙalinsa kan saki, jariri ya faɗa tsakanin katifa da katako, numfashinsa ya toshe.

Don haka kafin ciniki, a girgiza gadon a ji ƙarfinsa. Tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 6, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon dam. In yatsu fiye da biyu suka shiga gefenta, ba ta yi ba.

Kafintan unguwa zai iya ƙera sabo bisa wannan awo. A kwantar da jariri rigingine, ba matashi, a cikin gidan sauro mai magani. Allah Ya raya mana su.