Ba Ɗan Ruwa Ba Ne, Naƙuda Ce Ta Yi Tsawo

Har gobe a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, idan yaro ya shekara uku wuyansa bai tsaya ba, yawu na dalala, sai ka ji an ce ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya shi. Uwa ce ke shan tuhuma: wai ta yi yawon almuru da ciki, ko ta yi wanka a rafi da tsakar rana.

Da yawan waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu ce ta ji rauni tun farkon rayuwa. Naƙuda ta yi tsawo, jariri ya rasa iska na wasu mintuna, ya fito bai yi kuka ba. Ko shawara ta kama shi, ido ya yi rawaya, aka ce a bari sai bayan suna, alhali a asibiti fitila ta musamman ake sa shi ƙarƙashinta ya warke. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa su ma suna barin irin wannan tabo. Irin wannan yaro kamar gero ne da fari ya kama yana tsiro. Ko damina ta gyaru, ba zai kamo na maƙwabta ba, amma da kulawa zai yi kai. Gashin ƙashi da koyar da cin abinci da magana suna taimakawa ƙwarai, musamman idan an fara da wuri.

To, wa zai ɗauki mai naƙuda daga ƙauyen Sabuwa zuwa Funtua da tsakar dare, hanya na hannun 'yan bindiga? A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse a waɗannan ƙananan hukumomi. Matan da suka haihu a ɗaka a lokacin, wasunsu yau suna goye da yaran da ake yi wa wannan laƙabi. Idan kuma hari ya zo, kowa na gudun ceton rai, wata uwar tana ciccibar ɗan shekara bakwai.

Irin wannan uwa ba ta zuwa biki, kishiya na habaici, wata ma mijin ya sake ta. Barci ya ƙaurace mata, damuwa ta yi mata katutu, ba wanda ya taɓa tambayarta, "Ke fa, yaya kike?"

Dokoki kam akwai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, a Janairun 2023 kuma ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa suna Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya mayar da manomi wurin mai ruƙiyya. Abin da ya fi kusa da talaka shi ne ma'aikacin ɗakin shan magani na mazaɓa, kuma shi ne wanda hukuma ta fi mantawa da shi wajen horo.